Zaɓen Ƙafar Keke Mai Ƙarko Domin Doguwar Tafiya da Zirga-zirgar Yau da Kullum

Gabatarwa

Idan ana lissafa kayan aikin gona, akan ambaci fartanya da garma da lauje da injin feshi, amma ba kasafai ake sa keke a ciki ba. Alhali kuwa a ƙauyuka da dama shi ke kai iri da taki gona, shi ke ɗauko amfani zuwa gida, shi ne kuma ke kai shi kasuwa. Malamin gona ma da ke zagaya ƙauyukan yankinsa, sau da yawa a kan keke yake yin wannan zagaye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin hawa mota da babur ya hau, wannan ya sa keken da aka jingine a zaure ya sake samun daraja.

Ya kai manomi, ka san asarar da ke cikin lalacewar keke a tsakiyar hanya. Kwandon tumatir da bai isa kasuwa da safe ba, zuwa azahar ya faɗi a farashi. Takin da bai isa gona a ranar da ƙasa ke da laima ba, sai an jira wani ruwan. Malamin gona da ya yi wa manoma alkawarin gwaji a gona bai zo ba, da wuya su sake taruwa dominsa karo na biyu. Mafi yawan irin wannan lalacewa daga ƙafa take tasowa, musamman ƙafar baya. Saboda haka wannan bayani zai tsaya ne a kan yadda za ka zaɓi ƙafar da za ta jure nauyi da nisa, wadda kuma za ka iya gyara ta a inda kake zaune.

Nauyin da ƙafa ke ɗauka

Kafin ka je kasuwa, fara yin lissafin abin da za ka ɗora wa keken. A ce nauyinka kilo 65 ne, keken kansa kilo 20, sannan ka ɗora buhun takin zamani mai kilo 50 a kan kariya. Jimla kilo 135 ke nan. Ko babu kaya, ƙafar baya ce ke ɗaukar fiye da rabin nauyi, to balle an ɗaure buhu daidai samanta. Jarka biyu ta ruwa mai lita 25 kowace, nauyinsu ɗaya da buhun takin nan. Wanda ke ɗora buhun masara mai kilo 100 kuwa, ya kai yawancin kekuna ƙarshen abin da za su iya.

Sai kuma nisa. Ƙafa mai inci 28 takan juya kusan sau 450 a kowace kilomita. Mai tafiyar kilomita 20 a rana, zuwa da dawowa, ƙafarsa na juyawa kusan sau 9,000 a yini. A kwana 300 ya wuce juyi miliyan biyu da rabi. Dalilin kawo wannan lissafi shi ne, a kowane juyi ɗaya sai kowane sifok ya ɗan saki sannan ya sake ɗaurewa.

Ga yadda abin yake. Sifok, wato siraran wayoyin nan da suka haɗa rim da hob, dukkansu a ɗaure suke tamau, kowanne na jan rim zuwa tsakiya. Idan ƙafa na juyawa, waɗanda suka zo ƙasa, daidai inda taya ta taɓa hanya, sai nauyi ya rage musu ɗauri. Da sun wuce wurin sai ɗaurin ya dawo. In dai tun farko an ɗaure su sosai, ba za su saki gaba ɗaya ba, ƙafa za ta zauna daram. In kuwa ɗaurin sako-sako ne, to duk juyi sai sifok ya saki sarai, ɗan notin da ke riƙe shi a jikin rim ya riƙa kwancewa da kansa, gwiwarsa ta wajen hob kuma ta riƙa motsi. Kamar dai ka ɗauki waya kana lanƙwasa ta gaba da baya ne, ba ta daɗewa take tsinkewa. Shi ya sa in ka duba sifok ɗin da ya karye za ka tarar galibi a gwiwa ya karye. Mutane kan ce nauyi ne ya karya shi, amma sau da yawa rashin ɗauri ne ya fara kashe shi, nauyin ya ƙarasa.

Girman ƙafa, da ruɗanin da ke cikin “inci 28”

A nan ne mutane da dama ke asarar kuɗinsu, don haka sai a lura da kyau. Keken gargajiya da aka saba da shi, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, ƙafarsa ita ake rubuta wa 28 x 1½. Faɗin rim ɗinta, daga inda bakin taya ke zama a wannan gefe zuwa wancan, milimita 635 ne. To amma kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai su ma da yawansu an rubuta musu inci 28, alhali nasu rim ɗin milimita 622 ne, wanda kuma ake kira 700C. Bambancin milimita 13 kacal ne, amma tayar wannan ba ta shiga wancan ko kusa. Akwai kuma tsohon awo na inci 27 mai milimita 630, wanda ya faɗo tsakaninsu, shi ma bai dace da ko ɗaya ba.

Haka abin yake a inci 26. Na keken hawan dutse, mai faɗin taya, milimita 559 ne. Wanda aka rubuta wa 26 x 1⅜ kuwa milimita 590 ne.

Hanyar kauce wa wannan ruɗani mai sauƙi ce. Duba gefen tayarka, za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, misali 40-635 ko 37-622 ko 50-559. Lambar farko kaurin taya ce, ta biyu kuma awon rim. Ta biyun ita za ka riƙe. Malaman gona su taimaka wa manoman da ba sa karatun boko su rubuta musu wannan lamba a takarda, ko kuma a je kasuwa da tsohuwar tayar a hannu.

Wanne awo ya fi? Amsar tana kasuwar garinku. Kafin ka sayi keke ko ƙafa, zagaya wurin masu sayar da kayan keke mafi kusa da kai, ka tambayi irin taya da tiyub da sifok da suke ajiyewa kullum. A yawancin kasuwannin karkara 635 da 559 aka fi samu. Masu yawon ƙasashe a kan keke sun daɗe suna zaɓen inci 26 mai sifok 36 saboda wannan dalili, wato duk inda suka sauka suna samun kayan gyara. Ƙari a kan haka, ƙaramar ƙafa ta ɗan fi babba juriya in aka haɗa su da kaya iri ɗaya, ita kuma babbar ta fi daɗin tsallake ramuka. Sababbin kekunan hawan dutse na inci 27.5 da 29, waɗanda suka yawaita daga shekarun 2010, suna da kyau, amma ban ba mazaunin ƙauye shawarar sayensu ba sai ya tabbatar da inda zai samu taya.

Rim

Rim iri biyu ne, na ƙarfe da na alminiyam. In ka rasa ganewa, kara masa mayen ƙarfe: na ƙarfe zai kama, na alminiyam ba zai kama ba.

Na ƙarfe yana da araha, kuma in ya lotsa mai gyara na iya buga shi ya miƙe. Aibinsa biyu ne. Yana tsatsa, musamman ta ciki inda ido ba ya gani, kuma in ya jiƙe birki ba ya kama shi da wuri. Manoman da ke yankunan da damina ke da tsawo, ko masu gangaren tudu da kaya a baya, su riƙe wannan a zuciya. Na alminiyam ba ya tsatsa, birki na kama shi ko cikin ruwa, kuma ya fi sauƙin nauyi. Amma a cikinsa ma akwai mai bango ɗaya da mai bango biyu. Mai bango biyu kamar bututu yake, akwai rufi a saman kawunan notin sifok, ya kuma fi ɗayan ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka ɗaga ƙyallen da ke shimfiɗe cikin rim ka ga notocin sun nutse a cikin ramuka, to mai bango biyu ne. Idan har aljihu zai iya, shi za ka saya wa ƙafar baya, ko da ta gaba za ta ci gaba da zama da tsohon rim. In ka samu wanda aka sa wa ƙananan zobba a bakin ramukan sifok, ya fi, domin zobban na hana ramin tsagewa.

Sai dai dole rim ya dace da birkin kekenka. Keken gargajiya mai birkin sanda, robar birkinsa daga ciki take jan rim zuwa sama, don haka rim ɗinsa na da siffa ta musamman mai tudu a tsakiya. Birkin waya kuwa gefe da gefe yake matsewa, yana bukatar rim mai shafaffen gefe. Rim ɗin da aka yi domin birkin faifai ba shi da wurin da roba za ta kama, kada a sa shi a keke mai birkin roba.

Mai sayen ƙafar gwanjo ya shafa yatsa a gefen rim. Yashi da roba na cin alminiyam a hankali, in ka ji gefen ya yi kwari kamar cokali, rim ɗin ya kusa ƙarewa, wata rana iskar taya za ta fasa shi. Ka kuma duba kewayen kowane rami ko akwai tsaga.

Sifok

Kekunan tsere na zamani kan zo da sifok 20 ko 24. An yi su ne domin mutum ɗaya mara kaya a kan kwalta mai santsi, ba su da wurin zama a hanyar gona. Kada ƙafar bayanka ta gaza sifok 36. Masu ƙera keken gargajiya sun san da wannan tun da daɗewa, shi ya sa da yawa suke sa 32 a gaba, 40 a baya. Amfanin yawan sifok shi ne in ɗaya ya karye sauran za su riƙe ƙafar har ka isa gida. A ƙafa mai sifok kaɗan, karyewar ɗaya na iya karkata rim har ya ƙi wucewa tsakanin robobin birki.

Kaurin da aka fi sani shi ne lamba 14, wato milimita 2. Lamba 13 milimita 2.3 ce, lamba 12 kuma milimita 2.6. Ka lura, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Mai ɗaukar buhu kullum lamba 13 ta dace da shi a baya. Amma kada ka ɗauka duk mafi kauri shi ne mafi kyau. Sifok mai kauri ƙwarai yana bukatar ɗauri mai tsanani, in rim ɗin mara ƙarfi ne sai ya tsage shi, kuma wani lokaci ba ya shiga ramin hob sai an huda, hudawar kuwa raunana hob take yi.

Game da irin ƙarfen, akwai wanda aka yi wa rufin tutiya, shi ne mai araha, akwai kuma farin ƙarfe da ba ya tsatsa. Mayen ƙarfe na kama na farko da ƙarfi, na biyun kuwa da ƙyar yake jan sa. Ga wanda ke ɗaukar takin zamani wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Taki irin su yuriya yana jan laima daga iska, kuma garinsa in ya zuba a kan ƙarfe ya jiƙe, yana saurin kawo tsatsa, kamar yadda kake gani a jikin kwanon awo da shebur a ɗakin ajiya. Duk ranar da ka yi jigilar taki, ka wanke ƙafar baya da ruwa ka goge ta. Notocin sifok kuma ka nemi na tagulla, domin na alminiyam kan manne da sifok su ƙi juyawa ranar da ake bukatar gyara.

Saƙar da ta dace da kaya ita ce wadda kowane sifok ke gitta uku kafin ya kai rim. Ita ce aka saba yi, kowane ƙwararren mai gyara ya san ta.

Hannun da ya ɗaure ƙafar

Wannan shi ne abin da ba a rubuta shi a jikin kaya, kuma a ganina ya fi duk abin da aka ambata a sama muhimmanci. Rim mai tsada da sifok mai kyau, in aka ba wanda bai iya ba, ƙafar ba za ta shekara ba. Kayan matsakaici a hannun gwani kuwa sukan yi shekaru.

Yawancin ƙafafun sababbin kekuna masu araha inji ne ke haɗa su, kuma sukan fito da ƙarancin ɗauri. Ga gwajin da za ka yi a gaban mai sayarwa. Ɗaga ƙafar ka juya ta, ka sa ido a tazarar da ke tsakanin rim da robar birki. Kada rim ya riƙa kaiwa da komowa hagu da dama, kada kuma ya riƙa tsalle sama da ƙasa. Sannan ka kaɗa sifok ɗaya bayan ɗaya da farce kamar mai kaɗa garaya. Waɗanda ke gefe ɗaya ya kamata su ba da sauti kusan iri ɗaya, mai zaƙi. Wanda ya yi ƙara a dakushe, sakakke ne. Ƙafa na iya miƙewa sarai a ido alhali wasu sifok sun ɗaure ƙwarai wasu na lilo, irin wannan ba ta daɗewa take karkacewa. A keke mai giya da yawa kada ka yi mamaki in na gefen sarƙa sun fi na ɗaya gefen ɗauri, haka ƙirar take, domin an tura hob gefe don a sama wa haƙoran giya wuri. Wannan ne ma ya sa ƙafar baya ta keke mara giya ta fi ƙarko, gefenta biyu daidai suke jan rim.

Bayan an ɗaure sabuwar ƙafa, mai gyara ya kama sifok biyu-biyu da ke kusa da juna ya matse su da ƙarfi da hannu, ya zagaye ƙafar duka, sannan ya sake daidaitawa. Wannan na sa gwiwoyi su zauna da kyau a ramukansu. Kai kuma bayan ka yi tafiyar mako biyu ko uku, ka mayar masa da ita ya sake dubawa. Ɗan kuɗin da za ka biya a wannan komawa bai kai na sifok ɗin da za ka yi ta saye ba in ka ƙi.

Hob da boris

Hob ɗin da aka fi samu shi ne mai sakakkun ƙwayoyin boris, wanda ake kwancewa a wanke a sa giris. Galibi ƙwaya 9 ce a kowane gefe na baya, masu girman kwatan inci, 10 kuma a kowane gefe na gaba, waɗanda suka ɗan fi ƙanƙanta. Shi ya fi dacewa da karkara tun da ƙwayoyinsa na ko’ina. Kama ƙafar ka girgiza ta gefe da gefe, in ka ji tana ƙwas-ƙwas akwai sako-sako. Juya sandar tsakiya da yatsu, in ka ji gurzo kamar akwai tsakuwa, ko an matse ta da yawa ko kuma ciki ya ci. A sa sabon giris kafin damina da bayanta. Baƙin mai na inji ba ya maye gurbin giris, gudu yake ya fita ya bar ƙura. In za ka tsallake rafi, ɗaga keken, kada ruwa ya rufe hob.

Kekuna masu giya shida ko bakwai, waɗanda ake murɗa haƙoransu a jikin hob kamar noti, suna da wani rauni: boris ɗin gefen sarƙa na can ciki, sai doguwar sanda ta fito ba madogara, nauyi kuma ya lanƙwasa ta ko ya karya ta. Sabon tsarin da kamfanin Shimano ya yaɗa, wanda ake zura haƙoran a kan wani bututu da ke jikin hob, ya matso da boris ɗin bakin sanda, ya rage wannan matsala. Mai ɗaukar kaya da ke son giya ya nemi irin wannan. Sanda cikakkiya mai noti a gefe biyu kuma ta fi mai rami a ciki jure nauyi. Faɗin hob ya bambanta daga keke zuwa keke, saboda haka ka je da keken ko tsohuwar ƙafar a gwada.

Taya da iska

Taya ita ce garkuwar rim. Domin hanyar ƙasa, nemi mai kaurin milimita 37 zuwa 50, gwargwadon abin da firam ɗin kekenka zai bari. Siririyar tayar tsere nutsewa take a yashi, kuma duk dutsen da ta taka rim ne ke shan dukan. Awon iskar da ya dace na rubuce a gefen taya. Ƙarancin iska tare da kaya shi ke sa rim ya cije tiyub a bakin rami, ka ga huji biyu a jere kamar saran maciji, wani lokaci har rim ya lotsa. Taɓa tayarka kowace safiya kafin ka ɗora kaya.

Inda ƙaya ta yi yawa, irin su tsidau da ƙayar bagaruwa da aduwa, taya mai ƙarin shimfiɗa a ƙarƙashin roba na rage yawan faci, sai dai tana da tsada. Wasu kan yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta a cikin sabuwa. Dabarar na aiki, amma tana ƙara nauyi, kuma in ba a goge bakin yankan ba shi ma yakan ci tiyub. Tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa ruwan toshe huji, ba ta dace da mu ba tukuna, ruwan kan bushe cikin ’yan watanni a zafi, samunsa kuma sai manyan birane. Wajen bawul, irin na mota ya fi sauƙi ga matafiyi domin kowane mai faci a bakin hanya na iya ba shi iska. Kada a manta da ƙyallen cikin rim, in ya yage kan sifok zai riƙa huda tiyub daga ciki. Keke kuma a inuwa ake ajiye shi, rana na tsattsaga roba.

In za ka yi nisa

Malamin gona ko ɗan kasuwar da zai kwana a hanya ya tafi da famfo da kayan faci da tiyub ɗaya da makullin sifok, da kuma sifok huɗu ko biyar a ɗaure a jikin firam. Tsawon sifok na gaba da na baya ba lalle ya zama ɗaya ba, a keke mai giya ma gefe biyu na baya kan bambanta, don haka a auna kafin a saya. Raba kaya gida biyu su rataya hagu da dama na kariya, ƙasa-ƙasa, ka mayar da wani abu gaba in da hali. A mummunan rami ko gangaren dutse, sauka ka tura.

Idan sifok ya karye a daji, naɗe shi a jikin na kusa da shi don kada ya shiga sarƙa. Rim zai karkata zuwa ɗaya gefen, sai ka ɗan sassauta sifok biyu da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda ke ja daga wancan gefen, kwatan juyi-kwatan juyi, har ƙafar ta daina gogar birki. Rage gudu, ka sauya shi a gari na farko da ka isa. Na gefen sarƙa ba ya sauyuwa sai an cire haƙoran, wannan kuwa sai da kayan aikin mai gyara. In ka ga uku ko huɗu sun karye a ƙafa ɗaya cikin ɗan lokaci, sauran ma sun gaji, a kwance ƙafar duka a saƙa ta da sababbi.